Karen da Na Koya wa Tsayuwa

Dawaki aka ce mini. Dillalin da ya yi mini takardu a Sakkwato ya dafa kafaɗata, ya ce akwai wani attajiri a ƙasar Larabawa mai barga guda, ana neman wanda ya tashi cikin dabbobi. Ni kuwa Garba, ɗan Lambara ta ƙasar Shagari, in ba dabba ba me na sani a duniya? Na sauka birnin da rana tsaka, zafi na dukan fuska. Wanda ya tarbe ni ya karɓe fasfona tun a cikin mota, ya ce ajiya ce. Har yau ban ga doki a ƙasar nan ba sai a jikin allon talla.

Zangona na farko wani ɗaki ne a bayan gari, mu goma sha ɗaya a ciki, gadaje hawa-hawa. Aikin kuwa lodin kwalayen kaji masu ƙanƙara a wani ɗakin sanyi. Hannuwana suka tsattsage, ƙirjina ya kama tari. Amma ba sanyin ne ya fi ci mini rai ba, rashin gaisuwa ne. A gida kafin ka wuce mutum sai ka tambayi gajiyarsa, da iyalinsa, da garkensa, da ruwan jiya. A can ka yi wa mutum sallama ya dube ka kamar ka zo roƙo. Wata huɗu ina wannan bauta, sai muka je aiki wata safiya muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Fasfunanmu aka bar mana cikin leda wajen mai gadi, mai wurin kuwa ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Na yi kwanaki ina gararamba. Ranar wata Juma'a, ana turmutsutsun fitowa daga masallaci, wani ƙato ya taka mini yatsa. Ban san lokacin da na ce, “Wash! Kai bawan Allah, ba ka gani?” ba. Ƙaton bai ko waiwayo ba. Wani dattijo mai furfura a gemu ne ya riƙo hannun rigata.

“Kai Bahaushe na?”

Na tsaya ina kallonsa, hawaye suka cika mini ido, ni da nake ganin kaina namijin duniya. Sunansa Malam Tijjani, mutumin Sudan. Kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka tashi da ƙafa za su Makka, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, da Larabci yayyafe a kai. Ya kai ni wani shago ya saya mini dafaffen wake da burodi, ya zauna yana kallona har na share kwanon.

“Ka iya bisashe?” ya tambaye ni, yana nufin dabbobi.

“Cikinsu anka haihe ni, Malam.”

“To akwai aiki inda nike.”

“Dawaki na?”

Ya yi dariya har ya dafe ciki. “Ƙahwa huɗu dai gare su.”

Da ya tura ƙofar wurin washegari, haushi ne ya tarbe mu. Asibitin karnuka ne da kyanwoyi, kuma ba ma na allura da magani ba, na koyon tafiya. Dabbar da aka yi wa aiki a ƙashi, ko mota ta buge, ko tsufa ya riƙe mata gaɓoɓi, nan ake kawo ta. Akwai wani tanki na gilashi da ake cika shi da ruwan ɗumi, a ƙasansa wata shimfiɗar roba da ake kira bel tana tafiya a hankali, a sa kare ya yi ta takawa ruwa na ɗauke masa nauyin jikinsa. Akwai manyan ƙwallaye na roba, da sanduna jere a ƙasa don tsallakawa, da 'yan kekuna masu taya biyu da ake ɗaura wa wanda bayansa ya mutu. Na ga kyanwa kwance bisa katifa ana gasa mata cinya da jar fitila. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar Lambara, na ƙetare teku, don in zo in yi wa kare tausa?

Yunwa ce ta amsa mini tambayar. Na karɓi aikin. Na ware tufafin aiki daban, na salla daban, ina wanke hannu har fata ta yi fari. In na kira gida na ce dawakin suna nan lafiya, har sunaye na ƙirƙira musu.

Malam Tijjani ne mai gyaran jikin, ni mai riƙewa da ɗagawa da wanke tanki. Ya koya mini naɗe gwiwa da miƙe ta sau ashirin ba tare da na tilasta ba, da murza cinya daga ƙasa zuwa sama, da juya mara lafiya daga wannan gefe zuwa wancan don kada kwanciya ta ci masa fata. Ya ce hannuna na da kyau, sai dai gaggawa ta yi mini yawa. “Kai kullum awa wanda ruwa za su duka. Bisa ba ta warkewa da sauri, Garba.”

A wata na uku aka kawo Nimir. Dogon kare ne siriri, irin na farauta, ruwan ƙasa, mai idanu kamar na barewa. Ya diro daga bayan mota tana tafiya, bayansa ya bugu, ƙafafunsa na baya suka saki. Mutum biyu suka kawo shi cikin bargo: wani tsoho Balarabe mai dogara sanda, wanda shi ya rene shi tun yana jariri, da ɗansa Halid, matashi mai tsabta da agogo mai tsada. Larabcina na makarantar allo ne, amma na fahimci abin da ɗan yake faɗa, don ya maimaita shi ya fi sau biyar. Baba, wahala kawai yake sha. Baba, a yi masa allura ya huta. Tsohon yana ta shafa kunnen karen.

Malam Tijjani ya ɗauko hantsaki, ya kama yatsar ƙafar baya ya matse. Ƙafar ta ɗan noƙe. Na ce, “Ta motsa!” Ya girgiza kai.

“Wannan ba komi ba na. Ko laka ta tsinke ƙahwa na yin hakanga. Kai za ka duba, ba ƙahwa ba.”

Ya sake matsewa da ƙarfi. Nimir ya ɗago kai, ya waiwayo, ya yi wani ɗan kuka siriri.

“Alhamdu lillahi,” in ji Malam. “Ka gani? In yaw waiwayo, saƙo ya kai bisa. Hanya ba ta yanke ba. Wanga ana iya sa rai shi tashi.”

Sai na jingina da bango. Na taɓa ganin wannan waiwayen.

A wajenmu, in dabba ta faɗi ta kasa tashi, ba a tsayawa dogon tunani. Wuƙa ake nema kafin rai ya fita, kada dukiya ta zama mushe. Ko wace unguwa tana da wanda ake kira, a unguwarmu kuwa ni ne. Garba mai saurin hannu. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye ba. An sha tashe ni daga gona da gudu, in zo in gama kafin mai dabba ya gama salati.

Mahaifiyata, Inna, tana da wata tunkiya 'yar uda. Uwarta ta mutu wajen haihuwa, Inna ta rene ta da kunu da madara a cokali, tana kwantar da ita bakin gadonta. Tun rasuwar Baba gidan ya yi mata faɗi, tunkiyar nan ce abokiyar hirarta. Auta take kiranta, muna yi mata tsiya cewa ta yi mana ƙanwa mai wutsiya. Ba ta bin garke, Inna take bi, har rijiya, har gidan makoki. Wata rana Inna ta tafi suna Danchadi, za ta dawo da la'asar. Auta ta raka ta bakin titi, motar ta tashi, ita kuma ta ƙi komawa gida. Bayan azahar wani mai babur da buhunan albasa ya kwashe ta.

Da na iso tana kwance, gabanta na yunƙuri, bayanta shiru. Babu jini. Mutane sun kewaye, kowa na cewa, “Baya ya karye, Garba, yi maza!” Na yi maza. Na zaro igiya na haɗa ƙafafunta na baya na ja tamau, sai ta ɗago kai, ta waiwayo, ta dube ni ta yi kuka. Na fuskantar da ita alƙibla. Kafin la'asar an feɗe, an raba, fatar na shanye a tsakar gida da gishiri. Inna ta shigo da ƙullin goron suna a hannu, ta tsaya ta dubi fatar, ta wuce ɗaki. Ba ta ci naman ba, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta sake ambaton sunan ba, ba ta kuma sake kiwon ko kaza ba. Bayan wata uku na bar gida.

A gabana aka yi yarjejeniya. Halid ya ce ya ba da mako shida; in karen bai tsaya da ƙafarsa ba, allura. Aka rubuta ranar a kati aka maƙala a ƙofar kejin Nimir, daidai tsayin idona. Malam Tijjani ya ce, “Wanga naka na. Ni ina nuna maka, kai ka yi.”

Na shiga wani hali da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. In Nimir bai tashi ba, za a kashe shi a gaban tsohon nan. In kuwa ya tashi, to Auta ma da ta tashi, ni na yanke mata kwana. Ina murza masa cinya ina roƙon Allah ya ba shi lafiya, wani ɓangare na zuciyata kuma na fatan kada ya motsa. Na ji kunyar kaina matuƙa.

Makon farko ba komai sai hidima. Ba ya iya fitsari da kansa, sai na tallafe shi na matsa masa mara a hankali. Na juya shi, na shafe shi, na naɗe gwiwa na miƙe, ina juya ƙafafun kamar yana tuka keke. Na goga masa buroshin haƙori a tafin ƙafa da tsakanin yatsu, don jijiya ta tuna cewa akwai ƙafa a wurin. In na ratsa tawul ƙarƙashin cikinsa na ɗaga, ƙafafun sai su yi ta reto, tafin ya kife, farata na jan ƙasa. Sai in durƙusa in gyara masa su ɗaya bayan ɗaya, in dasa su yadda Allah ya halitta, su sake kifewa.

Tsohon kullum yana nan. Da hantsi direba zai sauke shi, ya zauna a kujerar roba da carbi, ba ya tashi sai an rufe. Ya lura ba na cin abincin rana, sai ya fara zuwa da dabino a aljihu, ya ajiye mini a gefen tebur ba tare da ya dube ni ba. Wata rana ya tambayi Malam ko ina da uwa a raye. Aka ce masa e. Ya ce in gaishe ta.

A mako na biyu muka sa Nimir a tanki. Na shiga ruwan har ƙugu, na tsaya a bayansa, ina kama ƙafafunsa ina taka masa su bisa bel ɗin, dama, hagu, dama, hagu. Injin da ke tura ruwan yana da wani sauti in ya ja iska, siriri, mai rawa. Rana tsaka, fitilu a kunne, mutane na kai da kawo, ni kuwa kukan tunkiya nake ji. Sau biyu na saki ƙafar na juya ina dube-dube. Malam ya ce, “Mi kaka nema?” Na ce ba komai. In na kama ƙafafun nan biyu na haɗa su a hannuna, sai in ji kamar igiya ce za ta biyo baya.

Mako na uku ya wuce ba labari. Halid ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon yadda mahaifinsa ya rame. Ba mugu ba ne, na rantse. Da na dube shi kaina na gani: mutumin da ke son ya gama da abu mai ciwo da wuri, yana ganin taimako yake yi. Ya ce wa Malam ana yaudarar tsoho ne kawai, a matso da ranar. Ban san sadda na sha gabansa ba, da jiƙaƙƙen wando, na ce da guntun Larabcina, “Haƙuri. Saura. Haƙuri.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi katin, ya fita.

Bayan tafiyarsa na ba Malam Tijjani labarin Auta, muna zaune a bayan gini inda ake shanya tawul. Ya saurara har na gama.

“Malam, don Allah gaya man gaskiya. Da ta tashi?”

“Ban gan ta ba, Garba. Wata ta waiwaya kuma ba ta tashi. Wata ta tashi.”

“Amma da an bar ta...”

“Da an bar ta, da an sani. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan.”

Na so ya yi mini ƙarya, ko ta wane gefe. Ya ƙi.

Ran nan a mako na huɗu, ina cikin tanki, na ɗaga ƙafar hagu zan taka masa, sai na ji ta ƙwace daga hannuna ta sauka da kanta. Na ɗauka ruwa ne ya ture ta. Na saki duka biyun. Bel na tafiya, hagu ta jawo, ta kife, ta gyaru. Ta dama ba ta biyo ba. Taku uku ya yi da ƙafa ɗaya, sannan ya zauna cikin ruwan. Tsohon ya miƙe har sandarsa ta faɗi. Ni kuwa na fita na shiga makewayi na kulle, na daɗe ina wanke fuska.

Daga nan muka ƙara ƙaimi. Na riƙa ɗora cikinsa bisa ƙwallon roba ina girgiza shi kaɗan-kaɗan don ya koyi riƙe kansa. Na rage ruwan tankin yatsa biyu duk bayan kwana biyu, nauyinsa na komawa kan ƙafafunsa. Tawul ɗin da nake ɗaga shi da shi na fara sassautawa ba tare da ya sani ba. Ya fara fitsari da kansa, ranar har rawa Malam ya taka. Amma tsayuwa ta ƙi. Da na saki, sai ya sulale.

Saura kwana takwas a kati. Da hantsi ne, ina durƙushe ina gyara tabarmar roba, Nimir na kwance a gefe. Tsohon ya makara ranar, abin da bai taɓa yi ba. Karen ya ƙi cin abinci, idonsa na kan ƙofa. Can sai ga ƙarar sanda a kan tayil, ƙwas, ƙwas, Halid na riƙe da hannun mahaifinsa, ashe asibiti suka biya. Nimir ya dasa ƙafafun gaba. Ya jawo bayansa, ya karkace, ya yi rawa, ya ɗago ƙugu. Ba tawul, ba hannuna. Ya tsaya. Ya jefa ƙafa ɗaya, ya jefa ta biyu a karkace, ya kai taku biyar kafin ya faɗa kan ƙafafun tsohon.

Halid ne ya fara durƙusawa. Ya kifa fuskarsa a wuyan karen yana kuka kamar yaro, yana ta maimaita magana ɗaya. Malam ya raɗa mini, “Cewa shikai, da na kashe shi.” Sannan Halid ya tashi ya cire katin daga ƙofar keji ya yayyaga. Shi Allah ya tsare shi, an sami wanda ya sha gabansa. Na yi masa murna, na kuma yi masa hassada.

Na fita bayan gini da rigar aikina, na kira gida. Inna ta ɗauka, ina jin ana daka a maƙwabta.

“Garba? Lahiya da rana tsaka? Ƙaƙa dawakin?”

“Inna, babu dawaki. Ban taɓa ganin doki nan ba. Karnuka nika yi ma jinya.”

Na ci gaba kafin ƙarfin halina ya ƙare. Na gaya mata labarin Nimir, da hantsaki, da tanki, da taku biyar. Na gaya mata yadda Auta ta waiwayo sadda na ja igiya, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

“Inna, halama da na bar ta, da ta tashi. Ni niy yi gaggawa. Ki gahwarta man.”

Dakan ya tsaya, ya ci gaba. Na ɗauka layin ya yanke.

“Garba,” ta ce, “tashi ko rashin tashi, wannan na Allah na. Da ka jira niz zo, nig gan ta kwance hakanan, ni da kaina za ni ce ka sa yuƙa. Ni ba ɗiyar makiyaya ta ba?”

“To mi as sa, Inna? Shekara guda ba ki ko ambaci sunanta ba.”

“Ni taka jira bakin titi. Tun sahe take tsaye nan tana duban motoci. Sa'adda taw waiwaya, kai kana zaton ciwo na? Ni taka nema cikin mutane. Kuma ban nan.”

Na zauna a ƙasa, kan siminti mai zafi. Duk makonnin nan ina ta auna laka da jijiya, ashe ba a nan ciwon Inna yake ba, kuma wannan babu tankin da zai gyara shi. 

“Tsohon ga,” ta ce can, muryarta ta yi ƙasa, “shina wurin sa'adda karenai yat tashi?”

“Shina nan, Inna. Wurinai yat tahi.”

“To madalla,” ta ce. “Madalla. Koma ga aikinka, kak ka bar su suna jira.”